Hayaƙin Inna da Numfashin Ummi

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a cikin danginmu, kuma na san ta shiga kunnenku tun kuna ƙanana, ko da yake ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin faɗinta a gaban idona. Wai ni, Malam Garba mai koyar da kimiyya, boko ya hau mini kai har na kori uwar da ta haife ni daga gidana na Tudun Wada. Maganar ta dawo mini daga gidajen suna, ta dawo mini daga zaman makoki, na yi gum da bakina, kuma kun san ni ba mai haɗiye magana ba ne. Yanzu Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙanta da rahama, ni ma idona ya fara dusashewa. Saboda haka ku natsu ku ji yadda abin ya faru, musamman ke Ummi, don a kan numfashinki aka yi komai, kuma a lokacin kin yi ƙanƙantar da ba za ki riƙe ba.

Inna ta dawo wurina ne bayan rasuwar mahaifina, ta zo da akwatunanta da kaskonta na turare. Wurin wata Babarbariya maƙwabciyarsu ta koyi haɗa turaren wuta tun tana budurwa, kuma ta gwanance har mata suna zuwa daga Gyallesu da cikin birni su saya na amarensu. In kana neman gidanmu ba sai ka yi tambaya ba, hancinka zai kai ka. Kullum rana ta doshi faɗuwa sai ta ɗebo garwashi daga murhu ta zuba a kasko, ta yayyafa haɗinta na sandal da jawul, ta zagaya ɗaki ɗaki. A ɗakinta take ƙarewa, a can kuma Ummi take kwana, don sunan Inna aka sa mata, shi ya sa ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Takwarata, haka Inna take ce mata, kuma tun daga yaye ba su rabu da shimfiɗa ɗaya ba.

A daminar da Ummi ta shiga firamare ciwon ya fara. Da rana lafiyarta ƙalau, tana tsalle tana tsokanar yayunta Sani da Habiba. Da an kira sallar magariba sai ka ga ta yi laƙwas, ta fara tari busasshe, daga nan ƙirjinta ya kama wani siririn fito kamar an danne bakin buta. Sai ta zauna ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ramin wuyanta yana lotsawa ciki duk sa'ad da ta ja iska. Ba ta kuka, don ba ta da numfashin da za ta yi kuka da shi, ido kawai take zuba mana. Na tsaya a gaban ɗalibai marasa ji, na yi cacar baki da shugabannin makaranta, ban taɓa sanin tsoro ba sai da na ga idon yarinyar nan. Nakan fita sallar magariba, ina cikin sahu kunnena yana gida.

A asibiti likita ta ce asma ce. Ta ba mu maganin da ake fesawa a baki, sannan ta ce mini maganin yana kwantar da ciwon ne kawai, amma akwai wani abu a gidanmu da yake tayar da shi, kuma mu da muke cikin gidan mu ne za mu gano shi. Da muka dawo kowa ya kawo nasa. Mahaifiyarku Binta ta ce maganin sauro mai hayaƙi ne da muke kunnawa da yamma. Yayata Asabe ta zo daga Hanwa ta ce nonon da ake dama wa yarinya da fura ne yake sa mata majina. Ni kuma idona yana kan janareton maƙwabcinmu Oga Emeka mai sayar da kayan gyaran mota, wanda yake tayarwa dab da katangarmu da zarar duhu ya fara. Inna ta saurare mu duka, sannan ta tafa hannu.

"Ku duk ba ku da ido ne? Yaushe ciwon yake zuwa? Da almuru. To me yake yawo da almuru in ba iska ba? Ku bar ni da takwarata."

Daga ranar ta ƙara yawan turaren, ta haɗa da tazargade da habbatus-sauda don korar iska. Ranar da tarin ya yi tsanani, washegari hayaƙin ɗakinta sai ka shiga kana lalube.

To, ni abin da nake ci da shi kenan a makaranta. Duk shekara nakan sa 'yan aji su shuka wake a gwangwanayen madara, in ce musu a kowane gwaji akwai abu biyu da dole su bambance. Akwai abin da kai ka taɓa da hannunka, ka ƙara shi ko ka rage shi, kamar ruwan da kake zuba wa waken. Akwai kuma abin da yake amsawa, wanda ba ka taɓa shi, dubawa kawai kake yi, kamar tsawon tsiron. Na farkon shi ne yake ja, na biyun bi yake yi. Sauran abubuwa kuwa, ƙasa da rana da irin waken, a bar su yadda suke. Duk yaron da ya ƙara ruwa ya kuma mayar da gwangwaninsa inuwa a rana guda, nakan ja kunnensa in ce masa ko tsiron ya yi tsawo ko ya mutu bai san komai ba. Da baki wannan darasi mai sauƙi ne. Ban taɓa zaton wata rana 'yata ce za ta zama tsiron ba.

Da na faɗa wa Binta cewa abu ɗaya ɗaya za mu riƙa cirewa muna dubawa, sai ta ajiye muciyar da ke hannunta ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

"Malam, 'yarka ce fa, ba wake ba ce. A cire komai yau ɗin nan, a huta."

"In mun cire komai ta samu sauƙi, me ya ba ta sauƙin?" na tambaye ta. "Ba a ɗakin nan za ta dawwama ba. Za ta je makaranta, za ta je gidan biki, wata rana za ta je gidan miji. In ba mu san abin da za ta guda ba, za ta ci karo da shi a inda babu ke babu ni."

"In kuma ta mutu kafin ka gama gwajin naka fa?"

Wannan tambayar ta zauna mini a ƙirji har ƙarshen daminar. Na dai sayi maganin fesawa biyu, ɗaya a aljihuna ɗaya a hannun Binta, na daina zuwa masallaci da magariba na koma yin sallah a tsakar gida, inda zan iya jin tarinta.

Sai kuma abin dubawa. Ba ni da na'urar auna numfashi, don haka na mayar da abin wasa. Kowace yamma bayan magariba nakan zaunar da Ummi a cinyata in ce ta ja iska ta jero mini sunayen 'yan gida a numfashi ɗaya. Tsarin ba ya canzawa: Inna, Baba, Mama, Yaya Sani, Yaya Habiba, Ummi, Gwaggo Asabe, Oga Emeka, sai akuya a ƙarshe. Da hantsi takan kai har akuya ta ƙara da dariya. Da yamma kuwa da ƙyar take wuce Mama. Ita wasa take gani, ni kuwa duk sunan da numfashinta ya yanke a kai, sai in ji kamar an soka mini wani abu.

Da maganin sauro muka fara. Na sayo gidan sauro, muka daina kunna shi daga Juma'a zuwa Juma'a, komai kuma muka bar shi yadda yake. Sunayen ba su wuce Mama ba. Muka koma kan nono, aka hana ta fura da nono tana kuka tana roƙo, babu abin da ya canza. Sannan na je shagon Oga Emeka ina jin nauyin abin da zan roƙa, don mutumin da janareto yake ajiye maganin matarsa a firji. Ban gama bayani ba ya ɗaga mini hannu, da Hausarsa da ta fi ta wasu 'yan gari.

"Haba Malam, saboda Ummi? Ko wata guda kake so zan kashe shi. Maganin Madam zan kai gidan ƙanena."

Ya kashe, unguwa ta yi tsit, muka zauna muna jira. Ran nan numfashinta a kan Baba ya yanke. A makon ne kuma ta yi wani tashi da sai da muka fesa mata maganin har ya kusa ƙarewa kafin ta dawo daidai. Binta ta rungume ta tana hawaye, ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya ya rage, kuma duk gidan mun san shi, ba dai mai iya furtawa. Na sami Inna da hantsi tana tankaɗe garin sandal a ƙofar ɗakinta, na durƙusa na gaishe ta, na daɗe ina kewaye-kewaye kamar yaron da ya fasa tulu. Daga ƙarshe na ce ina roƙon ta huta da kunna kasko zuwa Juma'a mai zuwa, Ummi kuma ta koma kwana wurin uwarta. Ta ajiye rariyar a hankali.

"Garba, me kake nufi? Turarena ne yake shaƙe ta?"

"Ban ce ba, Inna. Dubawa nake so in yi, kamar yadda na duba sauran."

"Kai da iliminka ba ka lura ba? Sai ciwon ya tashi nake ƙara hayaƙin. Ciwon ne yake kiran turaren, ba turaren yake kiran ciwon ba."

"Inna, abin da nake so in sani kenan. Wanne ne a gaba, wanne yake bi. Ciwon ba zan iya taɓa shi ba, amma kaskon ana iya ajiye shi."

Da hayaƙin nan ta raine ni, da shi ta turara zanen da aka naɗe kowannenku ranar suna. Ta ce in je in yi yadda na ga dama, ta kife kaskon a gindin bango, ta shige ɗaki ta saki labule.

Kwanakin farko ba wani bambanci, har na fara addu'ar Allah Ya sa na yi kuskure, don ban san yadda zan yi da gaskiyar ba in ta fito. Sai wata yamma Ummi ta wuce Mama ta kai Yaya Habiba. Washegari ta kai Gwaggo Asabe. Kafin Juma'a ta zagayo ta kai akuya bayan magariba, ta sauka daga cinyata ta ruga da gudu. Binta ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Inna tana zaune a kan tabarmarta tana jan carbi, ta ji komai, ta ce damina ce ta fara ja da baya shi ya sa. Kuma a ilimance ba ta yi ƙarya ba, don ruwan ya fara ɗaukewa a makon. Na san abin da nake gaya wa ɗalibaina a irin wannan hali: in kana son tabbaci, mayar da abin da ka cire ka ga ko ciwon zai dawo. Na dubi 'yata tana zagaya tsakar gida, na ce har abada ba zan yi wannan gwajin ba, gara in mutu ban tabbatar ba.

Ba a daɗe ba Ummi ta kwaso mura a makaranta, 'yar mura ta yara, hanci na zuba da ɗan tari. Ranar na tsaya taron malamai har yamma, Binta kuma ta leƙa maƙwabta barka. Inna ta ji takwararta tana tari ga almuru ya kawo jiki, babu kowa a gida sai yara, tsoro ya kama ta. Ina so ku riƙe wannan da kyau, tsoro ne ya kama ta, irin wanda yake kama ni. Ta tono kaskon ta zuba garwashi da tazargade, ta zaunar da yarinyar a gabanta, ta lulluɓe su biyu da babban zane yadda ake turara mai jinya, don hayaƙin ya shige ta sosai.

Ina shigowa zaure na ji ƙamshin, jakata ta faɗi daga hannuna. Na tarar da Sani yana ihu, Inna tana zaune a ƙasa riƙe da Ummi tana kiran sunan Allah. Wannan karon babu ma fiton, ƙirjin ya yi shiru, leɓɓanta sun yi duhu, kanta yana lanƙwashewa baya. Na fesa maganin, babu iskar da za ta ja shi ciki. Na sungume ta na fita ba takalmi ina ƙwala wa Oga Emeka kira. A motarsa muka tafi, yana danna ham yana ratsa 'yan acaɓa, ni ina baya ina girgiza ta ina cewa ta faɗa mini sunayen 'yan gida, ko Inna kawai ta ce. Ba ta ce ba. A bakin asibiti ma'aikata suka karɓe ta suka rufe ƙofa, na zauna a kan siminti na kasa ko da addu'a, sai "Ya Allah" nake maimaitawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba kafin wata nas ta leƙo ta ce numfashin ya dawo.

Ranar da aka sallamo mu na shirya maganar da zan gaya wa Inna, mai taushi amma wadda ba ja da baya, cewa ba za a sake kunna kasko a gidan ba. Ban samu na faɗe ta ba. Na tarar da akwatunanta a tsakar gida an ɗaure, katifarta a naɗe, Yaya Asabe tana tsaye da mai motar a-kori-kura a waje. Na durƙusa na riƙe ƙafarta na ce wallahi ba inda za ta, kaskon kawai za a ajiye.

"Tashi, Garba," ta ce. "Shinshina zanen nan. Shinshina katifar, shinshina kitson kaina. Tun ba a haife ka ba hayaƙin nan yake shiga jikina, ajiye kasko ba zai fitar da shi ba. Kai ka ce abu ɗaya ake cirewa a duba. To ni ce abu ɗayan."

Na yi kuka a gaban matata da 'ya'yana, na ce za mu wanke komai, za mu sake fentin ɗakin. Ta ce a'a, ita ta ga leɓɓan yarinyar nan da idonta, ba za ta sake kwana a gidan da za ta riƙa jin tarinta tana tambayar kanta ko ita ce ba. Ta hana a kawo mata Ummi su yi sallama. Daga bakin zaure ta tsaya ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallonta tana barci, sannan ta fita.

Kafin wata ya ƙare labari ya zagaya dangi cewa na kore ta. Kawunaina suka aiko a kira ni, na je na zauna suka wanke ni tas, na ba su haƙuri na taso. Da na buɗe baki na kare kaina, dole in ce uwata ta kusa kashe jikarta da hannunta, kuma wannan kalmar ba za ta fita daga bakina ba tana raye. Ita ma ba ta taɓa ƙaryata su ba, ina jin kunya ce ta hana ta, kuma ban taɓa riƙe ta da wannan ba. Wasu daga cikinsu har suka mutu ba su sake taka gidana ba. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Sai da Babbar Sallah ta aiko cewa a kawo mata takwararta. Muka tafi Hanwa gidan Yaya Asabe, maganin fesawa yana aljihuna, hannuna yana kansa tun daga gida. A ƙofar ɗakinta na tsayar da Ummi na fara shiga ni kaɗai, na ja iska. Babu komai. Ɗakin Inna, matar da ake gane layinmu da ƙamshinta, ba ya warin komai sai sabulun wanki. Ta rabar da akwatunan turaren, ta sake katifa, ta sake tufafi, ta tsefe kitson an wanke. Kaskon na gan shi a bayan ɗaki, kajin Yaya Asabe suna shan ruwa a ciki. Ummi ta kufce daga hannuna ta faɗa jikinta, ta cusa fuska a wuyanta, sai ta ɗago tana yamutsa hanci.

"Inna, ba kya ƙamshi."

"Na daina, takwarata," in ji Inna. "Zauna nan. An ce kina da wani wasa da babanki. Yi mini in ji."

Ummi ta zauna a cinyarta ta ja iska, ta fara daga Inna. Na ga bakin tsohuwar yana motsi yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, hannunta a shimfiɗe a kan ƙirjin yarinyar, ita kanta ta riƙe numfashinta. Sai da aka kai akuya sannan ta sauke shi.

"Sake," ta ce.